Baƙar Ɗamarar da Ba Ta da Takarda

Duk wanda ya zauna Kirumba a Mwanza shekarun baya ya san Bundala mai gyaran firji, wanda bai san fuskarsa ba ma ya san warin ɗamararsa. Gajere ne mai faɗin ƙirji, magana ba ta dame shi ba. Ba ya shan giya, ba ya kallon ƙwallo, shi ya sa mazan unguwa suka daɗe da yanke hukuncin cewa akwai abin da ke damunsa. Ba su yi ƙarya ba. Kareti ne, tun yana ɗan shekara ashirin da biyu ya kama shi, har yau kuma bai sake shi ba.

Malaminsa Mzee Magesa ne, wani tsoho mai ɗinkin koma a bakin tafki. Shi dai Mzee cewa ya yi wani ɗan Japan ne ya koya masa, wanda ya zo gyaran injin jirgin ruwa ya yi wata takwas a gari. 'Yan baƙin ciki suka ce a gidan sinima ya koya. Amma a bayan idonsa suke faɗa, domin tsohon yana iya ɗaga ƙafa ya sauke maka hula daga ka ba tare da ya ajiye allurar da ke hannunsa ba. Makarantar tasa ba rufi ba ƙofa, wani faffaɗan dutse ne a bayan inda mata ke shanya ƙananan kifi. Idan ka faɗi a kansa sau ɗaya, ba sai an ƙara yi maka bayanin amfanin kafa ƙafa da kyau ba.

Dokar Mzee ɗaya ce, kuma ba a yi masa gardama a kanta: mutum ɗaya, ɗamara ɗaya. Ranar da ka fara zai ba ka fara sol ta yadi mai kauri. Idan ka ci jarrabawa, ba kanti za ka je ka sayo sabuwa ba. Kwancewa za ka yi ka miƙa masa, ya hura wuta a gefen dutsen, ya ɗora wata tsohuwar tukunya da ya ƙwato daga hannun matarsa, ya rina maka da hannunsa. Fara ta koma ruwan ɗorawa, ruwan ɗorawa ta koma koriya, koriya ta koma ruwan ƙasa, in kana da rabo da tsawon rai wata rana ta zama baƙa. Ɗalibansa suna cewa wata babbar hikima ce daga Japan. Ni dai abin da na sani, kuɗin ɗamara biyar ya fi ƙarfin masunci, ƙullin garin rini kuwa bai wuce kuɗin shayi ba. To amma sun riƙe abin hannu bibbiyu, ko da wasa ɗayansu ba zai tsoma tasa a rini da kansa ba. Hannun malam ne kaɗai yake taɓa tukunyar.

Sannan ba a wanke ta. In ta jiƙe da gumi a shanya a rana, shi ke nan. Wai duk abin da ka koya yana cikinta, in ka wanke ya bi ruwa. Matar Bundala, Maman Kabula, ta aure shi ne lokacin da ɗamarar take koriya, kuma tun makon farko ta ƙulla gaba da ita.

"Baban Kabula, don girman Allah fitar min da mushen nan daga ɗaki."

"Ba mushe ba ne."

"To me ya mutu a ciki? Jiya kyanwar maƙwabta ta shigo tana ta sunsune-sunsune, ai ba ni take nema ba."

Shi dai sai ya ɗauke ta daga wannan ƙusa ya mayar waccan, ya ɗauka an sasanta.

Shekara goma sha ɗaya ya yi kafin tasa ta zama baƙa. A lokacin tari ya riga ya fara cin Mzee, amma bai yarda wani ya kama masa ko icen wuta ba. Rinin mai arha ne, ya ƙi kamawa, sai da ya tsoma ta sau uku yana murzawa yana zagin wanda ya sayar masa. Hannunsa ya yi baƙi ƙirin har wuyan hannu, haka ya je coci ranar Lahadi ya miƙa shi gaban Fada. Da ta bushe, shi ya ɗaura wa Bundala da kansa, ya ja ƙullin har sai da numfashinsa ya ɗauke.

"To ga ta nan," in ji shi. "Kada ka ba ni kunya. Kada kuma in ji ka ninke ta ka sa a akwati kamar rigar Kirsimeti. A ƙugu take zama, tana shan gumi."

Bikin ke nan gaba ɗaya. Ba hoto, ba hatimi, ba ko guntuwar takarda. Bundala ya koma gida ya zauna bakin gado yana kallon ƙugunsa, ya yi kuka irin wanda bai yi ba ranar da aka haifa masa Kabula, abin da har yau Maman Kabula ba ta yafe masa ba.

Kafin shekara ta zagayo Mzee ya mutu. Matarsa ta zo ta ɗauke tukunyarta, ta ce ta yi haƙuri shekara talatin, ta zuba ƙasa ta shuka albasa a ciki. Bundala ya ci gaba da jan sauran a kan dutsen har shekara takwas, amma rini ya tsaya cak. Wanda mutuwar ta riska yana kore, kore ya zauna, ko da ya kai ga fasa bulo da goshi. Ba wanda ya ga wani abin mamaki a ciki.

Sai kamfanin kifin da yake kula musu da ɗakunan sanyi ya rage ma'aikata. Yayan matarsa ya samo masa irin aikin a kasuwar kifi ta Dar es Salaam. Suka kwashi katifa da tukwane da Kabula suka hau jirgin ƙasa, suka kama ɗaki ɗaya a Tandika. Kafin ya san inda ake sayen gawayi ya riga ya gano inda ake kareti.

A Sinza makarantar take, hawa na uku, saman wani shagon waya da buga takardu. Bundala ya tsaya a bakin ƙofa ya saki baki. Tabarmar roba mai laushi daga bango zuwa bango, madubi kamar shagon aski, fanka huɗu. Mutum ya faɗi a nan ai sai dai ya yi barci. Bango ɗaya kuwa ba a ganin fentinsa saboda takardun shaida a cikin gilashi, kowacce da jan hatimi, dukansu da suna ɗaya: Sensei Mfaume, malamin makarantar.

Sensei Mfaume dogo ne, wankan tarwaɗa, yana da ɗan tumbi irin na wanda ya fi koyarwa da baki. A yi masa adalci, ya iya, ƙafarsa tana tashi har yanzu in akwai masu kallo. Ɗamararsa baƙa ce mai sheƙi, da rubutun zinare a kowane gefe. Kusa da shi babban ɗalibinsa ne, Elibariki, ma'aikacin banki, wanda ya yi baƙar ɗamara cikin shekara uku ba tare da gashin kansa ya taɓa hargitsewa ba.

Bundala ya rusuna ya gaida su, ya faɗi daga inda ya zo, ya buɗe jaka ya fito da ita da hannu biyu. Sensei ya ɗan ja da baya.

"Subhanallahi. Wa ya ba ka wannan?"

"Malamina, Mzee Magesa."

"Na wace ƙungiya?"

Bundala ya yi tunani. "Yana cikin ƙungiyar masu koma ta Kirumba. Har shugabanta ya taɓa yi."

Elibariki ya juya ya fuskanci madubi, kafaɗunsa suna rawa.

"Ɗan'uwa, ƙungiyar kareti nake nufi. To bar wannan. Ina takarda?"

"Wace takarda?"

"Shaidar cewa baƙar ɗamara ce."

Bundala ya dubi ɗamarar, ya dubi Sensei, ya ɗaga ta sama kusa da haske ko idon malamin ne ba shi da kyau. "Sensei, ai ga ta. Baƙa ce."

Nan Sensei ya gyara tsayuwa ya yi masa karatu. Ya ce matsayi ba kaya ba ne da mutum zai ɗauko daga wata makaranta ya sauke a wata. Ya ce kowace makaranta da salonta da tsarinta da hedikwatarta. Ya nuna ta taga wani bene a tsallaken titi, ya ce waɗancan ma tare suke da, shekara biyu ke nan da suka rabu a kan ko ƙafar hagu ake juyawa ko ta dama a mataki na huɗu, kuma duk wanda ya tsallako daga can, ko da ɗamararsa ta fi gawayi baƙi, fara yake ɗaurawa ya koma ƙarshen sahu. Balle wanda ya taho daga kan dutse.

"Muna sayar da fara a nan, shilin dubu goma sha biyar. Ka saya ka shigo, ba mai hana ka."

"Ina da ɗamara, Sensei. Mutum ɗaya, ɗamara ɗaya."

"A ina aka rubuta haka?"

"Ba a rubuta ba."

"Ka gani? Matsalarku ke nan ku mutanen tafki, komai ba a rubuta ba."

Amma da yake Sensei mutum ne mai son a ce yana da kirki, ya yarda Bundala ya gwada na rana ɗaya ba ɗamara. Haka ya shiga da riga a sake tana kaɗawa, aka kai shi ƙarshen sahu tsakanin wata mai sayar da inshora da wani ɗan kasuwa da likita ya ce ya rage ƙiba. Da aka zo gwada hannu, Elibariki ya miƙe da kansa.

"Zo baba, zan bi ka a hankali. In ka gaji ka ɗaga hannu, kada ka ji kunya."

Suka rusuna. Elibariki ya yi tsalle-tsalle mai kyau, ya yi ihu mai kyau, ya kawo ƙafa mai kyau ƙwarai, wadda da hoto aka ɗauka da an manna a bango. Bundala ya matsa taki ɗaya ya share masa ɗayar ƙafar. Elibariki ya tsinci kansa yana kallon fanka. Ya tashi ya ce santsi ne. Na biyu ma santsi ne. A na uku Bundala ya cafko wuyan rigarsa kafin ya kai ƙasa ya sauke shi sannu a hankali, domin a kan dutse aka raine shi, kuma a can in ka kayar da mutum kai ne za ka tare masa ƙeya. Wannan ya fi faɗuwar ciwo a wajen Elibariki. Mai inshora ta tafa sau biyu, ta ga ita kaɗai ce, ta daina.

Sensei ya daɗe yana shafa haɓa. "Ƙafafunka suna buɗewa da yawa," in ji shi. "Salon ƙauye ne, akwai gyara sosai. Amma zan rubuta wa hedikwata a kan maganarka."

"Ina hedikwatar take, Sensei?"

"Waje."

Bundala bai san Dar ba tukuna, ya ɗauka in an ce za a rubuta, za a rubuta. Kowace Asabar sai ya shiga daladala biyu, wato motocin haya, daga Tandika, ya hau bene, ya gaida Sensei, ya tambaya ko amsa ta zo. Ba ta zo ba, ai ka san Turawa da bin ƙa'ida. Sai ya zauna a benci da jaka a cinya, ya kalli mutane suna naushin iska awa biyu, hannunsa yana motsi shi kaɗai. Fara ya ƙi saya, baƙa an hana shi ɗaurawa. Wata uku yana haka.

Ya gwada yi shi kaɗai a tsakar gida da sassafe. Gidan haya ne mai ɗaki tara. Rana ta farko ya tsinke igiyar shanya da ƙafa, ta biyu matan gidan suka fito da kujeru.

"Maman Kabula, fito mijinki ya fara dambe da aljanu!"

"Baban Kabula, a bayanka yake, juyo!"

Ba dariyar ce ta kore shi ba. Abin nan ba a yin sa da iska, sai da mutum a gabanka, wanda zai kawo maka ka kauce, ka kai masa ya tare. Shekara goma sha tara bai taɓa yin mako guda ba tare da wani ya nemi haƙarƙarinsa ba, yanzu ga shi ba mai ko harararsa. Ya fara tumbi. Ya fara yi wa Kabula tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Ugali ma, tuwon masarar da ya saba, sai ya ci rabi ya ture. Kewar dutsen nan da tsohon nan ta dame shi, ba kuma wanda zai faɗa wa a garin da kowa ke sauri.

Wata Juma'a ya dawo aiki da wuri, ya buɗe jakar don ya shanya ɗamarar. A Mwanza iskar tafki ce ke busar da ita, amma Dar gari ne da ko gishiri jiƙewa yake yi a kwano. Ya fito da ita ya ga fumfuna ta bi ta fari-fari tun daga wannan baki har wancan. Ya zauna a dokin ƙofa da ita a hannu. Abu biyu tsohon ya ce masa ranar nan, kuma ga shi ya ninke ta ya sa a jaka wata uku kamar rigar Kirsimeti.

Ya yi lissafinsa irin na masu gyaran firji, waya ɗaya bayan ɗaya. Sensei ya ce sai fara. Mzee ya ce ɗaya tak, kuma a ƙugu. Hanya ɗaya ce ta rage da ba za ta saɓa wa kowa ba. Ya tashi ya je shago ya sayo kwalbar bilic, ruwan nan mai cire launin tufafi, babba.

Maman Kabula tana tsintar shinkafa ta ga ya jawo bahon wanki ya tuttule kwalbar a ciki. Da ta ga abin da ke ɗaya hannun sai ta ajiye faranti.

"Me za ka yi?"

"Fara suke so."

"Kai, Baban Kabula! Ka haukace ne? Ajiye!"

"Ba ke kika ce mushe ba ce?"

"Na faɗa, kuma mushe ce, gobe ma zan faɗa. Amma ba haka ba. Tsohon nan yana tari yana murza ta, ina tsaye, ni na kai masa ruwan sha. Bari in sayo maka farar, ko ɗankunnena ne in sayar. Ka ɗaura musu tasu a can, ka dawo gida ka ɗaura taka. Wa zai sani?"

"Ni."

"To ka ƙara jira. Ba an ce an rubuta ba?"

"Ba wanda ya rubuta komai, Maman Kabula. Ko ni yanzu na gane."

Ya tsoma ta. Ta tsaya a kansa da hannu a baki, matar da ta yi shekara goma sha biyar tana roƙon Allah ya kawo ranar da abin nan zai ga ruwa. Ruwan ya yi baƙi nan take. Ya zubar, ya sake. Baƙin ya saki ya koma ja-ja kamar tsatsa, daga nan ya dusashe ya yi wani rawaya-rawaya. Bai sa safar hannu ba, yana murzawa yana matsewa, bilic yana cin fatar yatsunsa. Matan gidan da suka fito kallo ba wadda ta yi tsokana, ɗaya bayan ɗaya suka koma ɗaki. Da ya gama, ba fara ta zama ba, wani launi ne kamar na tsohon haƙori, gefunan duk sun zare. Ya shanya ta a igiyar da ya taɓa tsinkewa. Warin ya tafi gaba ɗaya, Maman Kabula ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa ta yi kukanta.

Washegari Asabar ya hau benen Sinza da hannu duk ya saɓule. Tun daga matakala ya ji muryar Sensei.

"Ga shi nan! Mutumin tafki! Shigo, shigo, ɗan'uwana!"

Abin da Bundala bai sani ba, makarantar tsallaken titi ta aiko da goron gayyata: gasa nan da mako uku, baƙar ɗamara da baƙar ɗamara, a gaban jama'a. Sun kuma samo wani tsohon soja mai wuya kamar turmi. Elibariki ya leƙa ta taga ya gan shi sau ɗaya, tun daga ranar ciwon baya ya kama shi, har da takardar likita. Cikin ikon Allah kuma, a wannan makon ne hedikwata ta tuna da Bundala.

Sensei ya tsayar da aji, ya ɗaga wata takarda mai jan hatimi da zanen damisa. Ɗuminta bai gama hucewa ba daga injin shagon ƙasa. Ya karanta da murya mai ƙarfi cewa bayan dogon nazari, an amince da baƙar ɗamarar da marigayi Sensei Magesa na reshen Mwanza ya bayar. Tsohon da ya mutu bai san yana da reshe ba. An rubuta sunan Bandala maimakon Bundala, amma wa yake duba wannan a ranar farin ciki.

"Na gaya maka ka yi haƙuri, ko ban gaya maka ba? Komai da ƙa'ida. Maza ɗauro baƙarka ka zo nan gaba, kusa da ni. Ku tafa masa!"

Aka tafa. Bundala bai motsa ba. Sai da tafin ya mutu sannan ya durƙusa ya buɗe jaka, ya fito da ita da hannu biyu kamar ranar farko.

Sensei ya dubi abin, ya dubi hannun. "Mene ne wannan?"

"Ɗamarata."

"Ina baƙar?"

"Ita ce. Kun ce sai fara."

"Innalillahi! Wankewa ka yi? Haba ɗan'uwa, ai da ka tambaye ni! Kwana ɗaya kacal!" Ya juya ya dubi ɗalibansa, ya yi 'yar dariya don a taya shi. "To ai ba wani abu ba ne. Elibariki, buɗe kabad ka ɗauko masa sabuwa, mai rubutun zinare. Kyauta na ba shi."

"Mutum ɗaya, ɗamara ɗaya, Sensei."

"Naka wasa ne. To ji, ka sauka kasuwar Kariakoo yanzu, garin rini baƙi ko shilin dubu bai kai ba. Ka tsoma ta yau, gobe ta bushe, Asabar ka zo da abarka kamar ba a yi ba. Mene ne a ciki? Rini ne fa kawai."

Bundala ya zagaya ta a ƙugunsa sau biyu, ya ƙulla, ya ja ƙullin da yatsun da suka saɓule har sai da ya runtse ido. Bai ɗaga murya ba, amma har mai ƙiba da ke can ƙarshe ya ji.

"Mai rinin ya mutu."

Ya rusuna wa Sensei, ya bi ta bayan sahu, ya wuce Elibariki da ke dafe da baya, ya wuce masu ruwan ƙasa da masu kore, ya je ya tsaya tsakanin mai inshora da mai ƙiba. Sensei ya tsaya da takarda a hannu ya rasa inda zai ajiye ta, don bangon ya cika. Gasar dai ba mai farar ɗamara a cikinta, haka ƙa'ida ta ce, kuma Sensei ne ya rubuta ƙa'idar da hannunsa. Elibariki ne ya shiga da ciwon bayansa, aka kuma sauko da shi daga bene mutum biyu suna riƙe da shi.

Yau shekara huɗu ke nan. Bundala yana nan, kowace Asabar daladala biyu. Shi ne yake share tabarma kafin a fara, don aikin masu fara ne. Mai inshora ta yi ruwan ƙasa, tana gaba da shi da sahu uku, in za ta gyara masa tsayuwa sai ta fara ba shi haƙuri. Duk jarrabawar da aka yi yana shiga yana ci, Sensei ya miƙa masa sabuwar ɗamara a leda, ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya ya kai gida. Maman Kabula ta ɗaure katifa da mai ruwan ɗorawa, koriyar kuma ita ce igiyar shanyar gidan yanzu. Baƙi masu zuwa daga wasu makarantu da takardunsu a hannu sukan hango wani gajeren dattijo a ƙarshen sahu da tsumma a ƙugu, su zaɓe shi don su ɗumama jiki. Ba wanda yake gargaɗinsu, Elibariki ma har kujera yake jawowa.

Ɗamarar ta fara dauɗa kuma, gumin shekara huɗu ba wasa ba. Rannan ya dawo ya rataye ta a ƙusa, Maman Kabula tana ninkin kaya ta ɗaga kai ta ja hanci.

"Ta fara wari," in ji ta.

"In fitar da ita?"

"Wa ya ce ka fitar? Bar ta nan." Ta matso ta kama bakin ɗamarar ta juya shi a haske, ta daɗe tana dubawa. "Kamar ta ɗan yi duhu, ko idona ne?"

Bundala ya zo ya duba shi ma, ya kai ta bakin taga ya sake dubawa.

"Dauɗa ce kawai," ya ce, ya mayar da ita kan ƙusa.